Suna, Sinadari da Muhalli: Inda Binciken Tsirrai Ya Karkata a Arewacin Najeriya

Ilmin tsirrai na zamani yana tsaye ne a kan fannoni uku, tamkar tukunya a kan duwatsun murhu. Na farko shi ne nazarin sinadaran tsirrai, wato gano abubuwan da tsiro ke haɗawa a ganyensa da ɓawonsa da saiwarsa, irin ɗacin maɗaci ko baurin bagaruwa da majema ke jima da shi. Na biyu shi ne ilmin rabe-raben tsirrai, wanda ke ba kowane tsiro sunansa na Latin, ya kuma ajiye shi cikin danginsa. Na uku kuwa nazarin zaman tsiro a muhallinsa, wato hulɗarsa da ƙasa da ruwa da ƙwari da sauran tsirrai. Duk wanda ya bibiyi abin da jami'o'in arewacin Najeriya ke wallafawa zai ga cewa fanni na farko ya danne sauran biyun, kuma wannan dannewar ta rage wa shi kansa nazarin sinadaran ƙima.

A duniyar ilmi fannonin sun daɗe suna tafiya tare. Mujallar Phytochemistry ta fara fitowa a 1961, a lokacin da masana ke fatan sinadarai su zama mizanin gane dangantakar tsirrai, bisa hujjar cewa tsirran da suka fito daga tsatso ɗaya sukan haɗa sinadarai masu kama da juna. A 1964 kuma Paul Ehrlich da Peter Raven suka kawo bayanin cewa yawancin waɗannan sinadarai makamai ne da tsiro ke kare kansa da su daga ƙwarin da ke cin sa. Daga baya nazarin ƙwayoyin gado ya karɓe aikin rabe-rabe, musamman tun daga 1998 da aka fitar da sabon tsarin dangogin tsirrai masu fure, sai nazarin sinadarai ya koma wajen muhalli da neman magunguna.

A nan gida ɓangaren magani kaɗai aka runguma, shi ma a matakinsa na farko. Tsarin maƙalun ya zama sananne: a samo ganyen sabara ko ɓawon marke, a shanya a inuwa, a daka, a jiƙa a ruwa ko a wani sinadarin tatsa, a ɗiga magungunan gwaji a ga launi ya sauya, sannan a rubuta cewa tsiron na ɗauke da alkaloyid da tanin da safonin, a kuma nuna cewa ruwan ya hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a cikin farantin gwaji. Matsalar ita ce waɗannan sunaye na manyan rukunoni ne, kowanne da ɗaruruwa ko dubban sinadarai a ƙarƙashinsa, kuma da wuya a sami itaciyar da ba ta da wasu daga cikinsu. Tanin kuwa, wanda shi ne tushen bauri, yakan illata ƙwayoyin cuta a faranti ko da ba zai warkar da kowa ba. Adalci ne a faɗi cewa masu binciken ba da son ransu suke tsayawa nan ba, domin na'urorin tantance siffar sinadari suna da tsada, wutar lantarki ba ta tsayawa, ƙarin girma a jami'a kuma yawan maƙalu yake ƙirgawa. Duk da haka, maganin sikila na Niprisan, wanda cibiyar binciken harhaɗa magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta samar daga haɗin tsirrai huɗu, cikinsu har da masoro da kanumfari da karan dafi, ya nuna cewa ana iya wuce matakin faranti idan an dage.

Rauni mafi girma yana wajen suna. J. M. Dalziel, likitan da ya yi aiki a Arewa zamanin Turawa, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafin da ya fitar a 1916, sannan ya wallafa babban aikinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937, wanda H. M. Burkill ya sabunta daga 1985 zuwa 2004. Waɗannan littattafai taska ce, sai dai ɗalibai da yawa sun mayar da su ƙamus, su ji sunan Hausa a bakin mai sassaƙe a kasuwa, su duba na Latin, shi ke nan. Alhali sunan Hausa ɗaya yakan rufe jinsi fiye da ɗaya: kalgo, misali, yana nufin Piliostigma reticulatum da kuma Piliostigma thonningii, tafasar da ake ta rubutawa Cassia tora kuwa yawancinta Senna obtusifolia ce. Sunayen Latin ɗin ma suna motsi, domin gawo ya daɗe da ficewa daga Acacia zuwa Faidherbia, kuma bayan tarukan masana tsirrai na duniya a Biyana a 2005 da Melbon a 2011 an bar wa itatuwan Ostareliya sunan Acacia, bagaruwa ta koma Vachellia nilotica, ɗakwara mai ba da ƙaro ta koma Senegalia senegal. Abin da ke tsare bincike daga wannan ruɗani shi ne samfurin shaida, wato reshe mai ganye da fure ko 'ya'ya da aka danne aka busar, aka ajiye da lamba a ma'adanar tsirrai irin ta Jami'ar Ahmadu Bello ko ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, don wani ya zo daga baya ya tabbatar. Garin ganyen da aka saya a ƙulli ba ya zama shaida.

Amfanin haɗa fannonin uku ba inda ya fito fili kamar a kan ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da wasu ke kira wuta-wuta, wadda ke maƙale wa saiwar dawa da gero da masara ta tsotse su tun kafin ta leƙo sama. Ƙwayar irinta takan kwanta a ƙasa sama da shekara goma ba ta tsiro ba, har sai ta ji alamar saiwar da za ta kama. A 1966 aka ware sinadarin da ke tashe ta, aka kira shi sitirigol, kuma abin mamaki daga saiwar auduga aka same shi, wadda ƙudujin hatsi ba ya iya kamawa. Wannan shi ya bayyana dalilin da ya sa juya gona da auduga ko waken suya ke rage shi, domin irin yakan tsiro ya rasa abin kamawa ya mutu. Tambayar da ta rage ita ce me zai sa dawa ta fitar da abin da ke kiran maƙiyinta. A 2005 masana a Jafan suka nuna cewa da rukunin sinadaran da sitirigol ke ciki ne tsiro ke kiran wasu ƙananan halittu dangin naman kaza da ke taimaka wa saiwa zuƙo fosfaras, a 2008 kuma aka gano cewa su ne ke daidaita yawan rassan da tsiro ke fitarwa. Tun da tsiro yakan ƙara fitar da su idan ƙasa ta rasa sinadarin gina jiki, abin da manomi ya daɗe da sani ya sami bayani, wato ƙuduji ya fi addabar gonar da ta gaji. Rabe-rabe ma ya shigo ciki, domin ƙudujin wake jinsi ne daban, Striga gesnerioides, kuma yana da nau'o'i da suka bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ta yadda irin waken da ya jure masa a Najeriya da Nijar ya kasa a yankin Zakpota na Jamhuriyar Benin.

Irin waɗannan tambayoyi suna nan jibge a gonakin Hausa, kuma da yawansu ba sa bukatar na'ura mai tsada kafin a fara: yadda baurin bagaruwa ke bambanta tsakanin fadama da jigawa, ko yadda ƙarfin sabara ke sauyawa daga damina zuwa rani. Saboda haka ya kamata editocin mujallun jami'o'i da malaman da ke duba kundayen digiri su daina karɓar aikin da bai faɗi lambar samfurin shaida ba, da wurin da aka ɗebo tsiron, da watan da aka ɗebo shi, da irin ƙasar da ya tsiro a kai.