Kiɗan da ya tafi ci-rani ya komo da sabuwar murya

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Tarihin kiɗan gargajiya na Ailan ya ɗan yi gardama da wannan karin magana. Ailan tsibiri ne a yamma da Ingila, kuma babban kaso na abin da duniya ke ji yau a matsayin kiɗan ƙauyukanta, a biranen Amurka da Ingila aka tara shi, aka rubuta shi, aka ɗauke shi a faifai. Ƴan ci-rani ne suka riƙe shi lokacin da gida ya kusa sakin sa. Amma riƙon nan bai zo kyauta ba.

Mu fara da abin da ya fitar da mutanen. A 1845 cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne cimar talakan ƙasar. Kafin 1852 wajen mutum miliyan ɗaya sun mutu da yunwa da ciwo, wani miliyan kuma ya hau jirgin ruwa. Ƙidayar 1841 ta sami sama da mutum miliyan 8 a tsibirin, ta 1911 ba ta kai miliyan 4 da rabi ba. Da yawa cikin masu tafiyar daga yammacin ƙasar suka fito, inda ake magana da harshen Ailan na asali. A Amurka harshen bai daɗe ba, don da Ingilishi ake samun aiki, kuma iyaye ba su ga ribar koya wa ƴaƴa harshen da suka sha wuya cikinsa ba. Kiɗan rawa kam ba shi da kalmomi, bai buƙatar tafinta. Da gogen Turawa, da sarewar katako, da wata irin algaita da ake hura wa iska da zugazugi a ƙarƙashin hannu, duk suka ƙetare teku lafiya.

Wanda ya fara tara kiɗan da gaske ɗan sanda ne. An haifi Francis O'Neill a 1848 kusa da Bantry, a yankin Cork. Ya bar gida yana saurayi, ya yi aikin jirgin ruwa, a 1873 ya shiga aikin ɗan sanda a Chicago, har ya zama shugaban ƴan sandan birnin daga 1901 zuwa 1905. Mabushin sarewa ne, kuma in ya ji labarin wani gwanin makaɗi ya sauka, sai ya nema masa aiki, sau da yawa cikin ƴan sanda. Shi bai ƙware da rubuta sauti a takarda ba. Wani saje mai suna James O'Neill, wanda ba danginsa ba ne, shi ke zama da alƙalami ana kaɗawa yana rubutawa. A 1903 suka fitar da littafi mai karin kiɗa 1,850, a 1907 wani mai 1,001. Ku lura da abin da ya faru. A gida, mutumin Cork zai iya tsufa bai taɓa jin gogen mutumin Donegal ba. A Chicago unguwa ɗaya ta haɗa su. Ci-rani ne ya mai da kiɗan ƙauyuka barkatai ya zama kiɗan ƙasa guda.

Sai maganar ƙungiyoyin makaɗa. A ƙauye, mai goge ɗaya ya isa, don rawar cikin ɗakin girki ake yin ta. A New York da Boston da Philadelphia kuwa manyan zaurukan rawa ne, ɗaruruwan leburori da ƴan aikin gida kan cika su daren Asabar, kuma ba lasifika. Dole sauti ya ƙaru. Wasu ƴan'uwa biyu maƙera algaita, ƴan gidan Taylor, da suka zauna Philadelphia, suka ƙera sabuwa mai ƙara fiye da ta gida. Aka shigo da fiyano da banjo da akordiyon da ganguna, wani lokaci har da saksofon. Haka aka sami ƙungiyoyi irin su Flanagan Brothers a New York, da Shamrock Band ta Dan Sullivan a Boston, da Four Provinces Orchestra a Philadelphia. Kayan kiɗan da yau ake gani kamar da su aka haifi gargajiyar, wasunsu a waɗannan zauruka suka sami gindin zama.

A 1916 wata mai kanti a New York, Ellen O'Byrne, ta matsa wa kamfanin Columbia ya ɗauki wani mai akordiyon da wani mai banjo a faifai, ta yi alkawarin sayen faya-fayan da kanta. Suka sayu. Kamfanoni suka gane akwai kasuwa. Cikin waɗanda suka ci moriyar wannan kasuwa akwai masu goge uku daga yankin Sligo: Michael Coleman, James Morrison da Paddy Killoran. Coleman, haifaffen 1891, ya isa Amurka a 1914, ya yi ɗauka daga 1921 zuwa 1936. Ƴan ci-rani suka riƙa aika faya-fayan gida tare da kuɗi da tufafi. Gidan da ke da garmaho sai maƙwabta su cika shi, samari na saurare suna kwaikwayo. Fuskar faifai ɗaya wajen minti uku take ɗauka, don haka ake jera kari biyu ko uku a cika ta. Har gobe makaɗa na bin jerin da Coleman ya yi, kari bayan kari, ko da wasunsu ba su san dalili ba.

A nan ne aka biya kuɗin. Kowane yanki na Ailan yana da salon gogensa: Donegal da saurin jan baka, Clare da natsuwa, tsaunukan iyakar Cork da Kerry da nasu irin rawar. Da faifan Amurka ya iso, salon Sligo mai sauri da ado ya zama ma'auni, tsohon makaɗin ƙauye ya fara jin kunyar nasa, wasu ma suka rataye gogen. Mu masu karatun harshe mun san wannan ciwo. Haka karin harshe ɗaya kan danne sauran in ya sami rediyo da kasuwa. Yaron Tawa da ya tashi da fim ɗin Kano zai fara jin "shina tahiya" na kakarsa kamar kuskure ne, "yana tafiya" ce daidai. Ba wanda ya hana shi, kunne ne kawai ya sami sabon ubangida.

Ingila ma ta sa hannu. Kalmar céilí a harshen Ailan asalinta hirar dare ce, zuwa gidan maƙwabci a zauna a taɓa zance. A Landan, a 1897, ƙungiyar raya harshen Ailan ta shirya taron rawa ta ba shi wannan suna, ma'anar kalmar ta juya ta zama rawar zaure. A Ailan kanta dokar 1935 ta ce ba a rawar jama'a sai da takardar izini, rawar cikin gidaje ta yi ta mutuwa, ƙungiyoyin zaure suka maye gurbi. Bayan yaƙin duniya na biyu dubban matasa suka kwarara Landan aikin gini da asibiti. Ɗakunan haya ba su da wurin kiɗa, sai suka riƙa haɗuwa a mashaya, a zauna da'ira a yi ta kaɗawa ba rawa. Faifan Paddy in the Smoke na 1968 a irin wannan mashaya aka ɗauke shi. Wannan zaman da'ira shi ne baƙi ke zuwa Ailan nema yau, suna ɗaukar sa tsohuwar al'adar ƙauye.

Daga baya ƴaƴan ci-rani suka fara zuwa gida suna cinye gasa. Ƙungiyar Liverpool Céilí Band ta ɗauki kambin ƙasa a 1963 da 1964. Liz Carroll, haifaffiyar Chicago, ta ɗauki na goge a 1975 tana da shekara 18. A 1985 aka kafa Cherish the Ladies a New York, ƙungiyar mata zalla, galibinsu ƴaƴan makaɗan da suka yi hijira. Duk da haka ba a daina yi musu gorin cewa su ba ƴan ƙasa ba ne na sosai.

Gorin nan ba shi da ƙafar tsayawa. Mai yin sa, in ka bincika, daga littafin ɗan sandan Chicago ya koyi karinsa, kuma jerin da aka yanka don ya shiga faifan New York yake kaɗawa. Abin da ya cancanci damuwa shi ne salon ƙauyukan da ba wanda ya kai wa na'urar ɗauka kafin masu shi su mutu. Na Sligo ya rayu don ya sami faifai a kan lokaci. Wasu yankunan an cim musu a makare, an ɗauki tsofaffi ƙalilan. Wasu kuwa sunan makaɗin kawai ya rage a bakin jikoki.