Sai An Kwashe Kafin A Gyara: Daga Banɗaki Zuwa Dareta

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan mai gyaran famfo yana shirin cire masan zama ya ga abin da yake fara yi. Zai rufe makunnin ruwa, ya danna a zubar da na cikin tanki, sannan ya durƙusa da soso da bokiti yana tsane ɗan ruwan da ya maƙale a gindi. Wannan ragowar da gangan aka bar ta. A 1775 wani mai gyaran agogo a Landan, Alexander Cumming, ya yi rajistar lanƙwasasshen bututu mai riƙe ruwa, don ya toshe warin da ke tasowa daga rami. Idan aka ɗaga masan ba a tsane shi ba, a ƙasan ɗaki zai malale.

Mu da muka tashi a yankin Anka da Gummi da Bukkuyum, masai muka sani, rami da murfi. In ya cika a binne a haƙa wani, ko a kira masu yasa. Har yau shi ya fi yawa, shi ya sa ambaliya irin wadda ta auka wa Gummi a 2024 ba gidaje kaɗai take rushewa ba, takan haɗa abin da ke cikin masai da ruwan rijiya.

Sunan da Turawa ke kiran mai gyaran famfo da shi ya fito ne daga kalmar Latin "plumbum", wato dalma, domin da ita Romawa suke ƙera bututun ruwa. Mu kuwa ba ta bututu dalma ta shigo mana ba. Ta turmi ta shigo.

Da farashin zinari ya tashi bayan 2008, mutanen ƙauyukanmu suka riƙa kawo dutsen ma'adini cikin gida. A daka shi a tsakar gida, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a inda yara ke rarrafe. Dutsen kuwa cike yake da dalma. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara ƙanana suna suma suna mutuwa, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai. Gwaji ya nuna gubar dalma ce. Aƙalla yara 400 suka rasu. A wasu gidaje dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, alhali mizanin Amurka na wancan lokaci 400 ne a wurin wasan yara.

Akwai magani, ƙwaya ce da ke kama dalmar cikin jini ta fitar da ita ta fitsari. Amma likitoci suka ce ba shi da amfani a ba yaro magani a mayar da shi gidan da ƙurar take, domin gobe zai sake haɗiyar ta. Sai an fara kwashe ƙasar. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta ma ba ma ɗora sabon tsari kan gurɓataccen rumbun bayanai, amma mu in mun yi kuskure, na'ura ce kawai za ta tsaya.

A watan Yuni na 2010 aka fara aikin a Dareta ta ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum, da jagorancin kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith tare da ma'aikatar muhalli ta jiha. Aikin hannu ne, mutanen garin suka yi shi. A fitar da kayan ɗaki, a kankare saman ƙasa kamar santimita 5 da fartanya da shebur, a ɗura a buhuna, a kai rami bayan gari a binne, sannan a kawo tsabtatacciyar ƙasa a shimfiɗa. Kududdufan da aka wanke dutse a ciki sun fi wuya, don gubar tana kwance cikin laka, kuma ba a kai wa ga laka sai ruwa ya janye. Daga ƙarshen 2010 zuwa farkon 2011 aka bi Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Sunke da Duza.

Bagega, wadda ta fi su girma, ita ta sha jira. Kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari ba su fito ba sai a farkon 2013, bayan matasa irin su Hamzat Lawal sun matsa lamba a intanet da gangamin ceto Bagega. A ganinmu wannan jinkiri shi ne abin kunya mafi girma a labarin nan: an san cutar, an san maganin, likitoci suna Anka, amma yara suka yi kusan shekara uku suna wasa a ƙasar da kowa ya san guba ce.

An kammala share Bagega a 2013, aka fara ba yaranta magani. A 2022 MSF ta miƙa shirin ga gwamnatin Zamfara bayan ta yi wa dubban yara magani. Buhunan suna nan binne a bayan garuruwan, haƙar zinari kuma ba ta tsaya ba.