Tarihin Awon Hannun Riga a Ɗinkakkun Tufafi

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, yawancin rigunan da ake sawa a Turai da Amurka a gida ake ɗinka su ko a wurin tela, wanda yake auna kowane mutum shi kaɗai, saboda haka tsawon hannun riga yakan bi tsawon hannun mai ita. Lamarin ya sauya bayan yaɗuwar keken ɗinki, musamman wanda Isaac Singer ya fito da shi a 1851, sannan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya tilasta a ɗinka wa ɗimbin sojoji kaki cikin gaggawa. Daga awon sojojin aka lura cewa faɗin ƙirji yakan nuna girman sauran jiki, sai aka kasa maza rukuni-rukuni, kowane rukuni da lambarsa, kuma bayan yaƙin masana'antu suka riƙe wannan tsari wajen ɗinka tufafin sayarwa.

Sai dai hannu bai cika bin ƙirji ba, domin akwai mai faɗin ƙirji da gajeren hannu, akwai kuma siriri mai dogon hannu. A ƙarshen ƙarnin, masana'antu da yawa sukan yi wa riguna dogon hannu bai ɗaya, shi ya sa maza suka riƙa ɗaura wani maɗauri a damtse don ya tattare rarar yadin. Daga baya aka fara rubuta lamba biyu a rigunan maza, ɗaya ta kewayen wuya, ɗaya ta tsawon hannu, wanda ake aunawa da inci daga tsakiyar bayan wuya, ta kan kafaɗa, zuwa wuyan hannu.

Rigunan mata ba su samu wannan gata ba. Tsakanin 1939 da 1940, Ruth O'Brien da William Shelton sun jagoranci auna mata kusan 15,000 a ƙarƙashin Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka, amma sakamakon da aka buga a 1941 ya dogara ne da fararen fata. Ma'aunin da gwamnati ta fitar a 1958 bai ware wa tsawon hannu lamba ta daban ba, har aka janye shi a 1983, kowane kamfani ya kama awonsa.

A ƙasar Hausa, inda tela yake auna kaftani, babbar riga kuwa naɗe ta ake yi a kafaɗa, matsalar tsawon hannu ta fi fitowa a kayan kanti da na gwanjo, wato tufafin da aka taɓa sawa a wasu ƙasashe. Masu saye sun san cewa tela yana iya rage hannu ko ya matse jikin riga, amma ƙara wa gajeren hannu tsawo yana da wuya, don haka kafaɗa da hannu suke fara dubawa kafin su yi ciniki.