Daren Asabar a Landan: Yadda Victor Hugo Ya Zama Ɗan Gari a West End

Baƙon da ya sauka Landan ran Juma'a da marece, da nufin komawa gida ran Lahadi, dare guda ke gare shi na kallon wasa. Tun daga tashar St Pancras, inda jirgin ƙasan da ke tasowa daga Paris yake sauke fasinja bayan tafiyar awa biyu da ƴan mintoci, allunan talla za su tare shi: ga kan zaki bisa rawayar takarda, ga farin abin rufe fuska, ga wata yarinya mai yamutsattsen gashi da idanun maraya. Unguwar da ake kira West End tana da gidajen wasa kusan arba'in, amma in ya tambayi mai masauki ko direban tasi, sunaye huɗu ko biyar zai ji ana ta maimaita masa, kuma dukansu wasannin kwaikwayo ne masu waƙa, irin waɗanda Faransawa ke kira comédie musicale. Wasu daga cikinsu ma sun girme shi. Shi a ganinsa zaɓe yake yi, alhali an daɗe da tankaɗe masa garin, kuma aikin tankaɗen ya haura shekara ɗari uku.

Abin mamaki, doka ce ta fara cusa waƙa a yawancin gidajen wasan Landan. Bayan da sarki Charles na Biyu ya koma gadon sarauta a 1660, ƙungiyoyi biyu kaɗai ya bai wa izinin yin wasan kwaikwayo na magana zalla, kuma daga gare su ne gidajen Drury Lane da Covent Garden suka gaji wannan gata. A 1737 gwamnatin Robert Walpole, wadda masu wasa suka addaba da zambo, ta ƙara ɗaure igiyar: kowane sabon wasa sai ya bi ta hannun wani babban bafaden sarki kafin ya hau dandamali. Sauran ƙananan gidaje kuwa, in suna son buɗe ƙofa, sai dai su yi abin da za a iya kira nishaɗin kiɗa. Dole uwar na ƙi. Sai suka riƙa ɗauko labari, har da na Shakespeare, su yanyanka shi, su cusa waƙoƙi a tsakani don hukuma ta kau da kai. An ruwaito cewa a wasu gidajen makaɗi yakan zauna ne kawai yana taɓa piyano jifa-jifa, don kada a ce babu kiɗa. Lokacin da aka soke wannan gata a 1843, jama'a sun riga sun saba da labarin da ake rerawa, kuma masu gidajen sun gane cewa shi ke cika kujeru. Tace wasanni kam bai ƙare ba sai a Satumban 1968, kuma washegarin soke shi aka buɗe wasan Hair, wanda da an yi shi kafin wannan rana da bai tsallake hannun bafaden ba.

Abu na biyu da ya sauya al'amarin shi ne jirgin ƙasa. An buɗe tashar Euston a 1837, ta Charing Cross a 1864, jirgin ƙarƙashin ƙasa kuma ya fara aiki a 1863. Kafin haka, masu kallo mazauna gari ne, kuma tunda su ne dai yau su ne gobe, dole a riƙa sauya musu wasa a kai a kai. Da jirgi ya fara kwaso mutane daga garuruwan nesa da unguwannin gefe, sai lissafi ya juya: a bar wasan yadda yake, masu kallo su ne za su riƙa sauyawa. Gidan Savoy, wanda Richard D'Oyly Carte ya gina a 1881 ya haskaka shi da lantarki tun ana ɗari-ɗari da ita, ya yi wasan The Mikado na Gilbert da Sullivan sau 672 a jere daga 1885. A wancan zamani wannan adadi abin faɗi ne.

Kakan baƙon ƙarshen mako na yau kuwa soja ne. A ranar 31 ga Agustan 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Farko, Oscar Asche ya buɗe wasan Chu Chin Chow a gidan His Majesty's. Labarin ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san Dare Dubu da Ɗaya, domin Ali Baba ne da ɓarayi arba'in, aka yi masa ado da kasuwar bayi da tufafin Gabas irin na mafarkin Turawa, har da raƙumi mai rai a kan dandamali. Sojan da aka ba hutun ƴan kwanaki daga ramukan yaƙi na Faransa ba ya neman wasan da zai sa shi tunani. Yana neman haske da kiɗa da abin da zai ba abokansa labari in ya koma. An yi wasan sau 2,238, har zuwa 1921, kuma an yi kusan shekara arba'in ba a samu wasan waƙa da ya wuce shi daɗewa ba. A wannan gidan dai ake yin The Phantom of the Opera tun 1986.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Amurkawa suka karɓe kasuwar, tun daga Oklahoma! da ya iso Drury Lane a 1947. Landan ba ta ƙwato kambunta ba sai a shekarun 1980, kuma wasan da ya fi bayyana yadda aka yi, labarinsa na Faransa ne, marubutansa ma Faransawa.

Malaman da suka bi ta lise a Damagaram ko Yamai ba sa bukatar a gabatar musu da Les Misérables: Jean Valjean da ya yi shekara goma sha tara a kurkuku, mafarinsa satar burodi, Javert ɗan sandan da doka ta zame wa addini, Cosette da bokitinta, Gavroche ɗan titi. Littafin ya fito a 1862. A ƙarshen shekarun 1970, Alain Boublil, marubucin waƙa haifaffen Tunis, ya je kallon Oliver! a Landan, wasan da aka ciro daga littafin Dickens. Kamar yadda shi kansa ya sha faɗi, da ya ga wani yaro ɗan sane ya fito dandamali sai Gavroche ya faɗo masa a rai. Shi da makaɗi Claude-Michel Schönberg suka fara fitar da faifai a 1980, sa'an nan a Satumban wannan shekara Robert Hossein ya shirya wasan a Palais des Sports na Paris. Jama'a sun zo da yawa, amma bayan wata uku wa'adin hayar zauren ya cika, aka naɗe kaya. Daga nan maganar ta kwanta.

Faifan ne ya tsallaka teku ya faɗa hannun Cameron Mackintosh, matashin mai shirya wasanni wanda Cats ya riga ya yi wa arziki tun 1981. Ya haɗa kai da ƙungiyar Royal Shakespeare Company, ya ɗauko Trevor Nunn da John Caird su ba da umurni, Herbert Kretzmer kuma, ɗan jarida haifaffen Afirka ta Kudu, ya sake rubuta waƙoƙin da Ingilishi. Aikin ya wuce fassara, domin an ƙara waƙoƙi, an faɗaɗa labarin, an kuma ƙirƙiro dandamali mai juyawa wanda ke ba da damar tsallake shekaru da garuruwa ba tare da an sauke labule ba. An buɗe shi a Barbican ranar 8 ga Oktoban 1985.

Masu sharhin jaridu suka yi masa rubdugu. Wasu suka ce an ci mutuncin Hugo, wasu suka ce kuka ne kawai ake sayarwa. Ba kuma za a ce ba su da hujja ba: littafin da ya tsaya dogon bayani kan yaƙin Waterloo, da gidan ƴan zuhudu, da magudanan ƙazantar Paris, wanda kuma a waɗannan ratse-ratsen ne Hugo ya fi tuhumar al'ummarsa, an matse shi cikin awa uku na waƙa. Amma Mackintosh ya ba da labarin cewa da ya buga wa masu sayar da tikiti waya da safe, yana tsammanin jin mummunan labari, sai aka ce masa layukan waya sun cushe da masu saye. A Disambar 1985 wasan ya koma gidan Palace, a 2004 ya koma Queen's, wanda aka sauya wa suna zuwa Sondheim a 2019. A Oktoban 2006 ya zarce Cats, ya zama wasan waƙa mafi daɗewa a tarihin West End, kuma a 2025 aka yi bikin cikarsa shekara arba'in. In ban da rufewar da annobar korona ta tilasta daga Maris na 2020, bai bar Landan ba.

Abin da ya kamata a lura da shi a nan shi ne irin wasan da Mackintosh da abokan zamaninsa suka ƙera, domin shi ne amsar abin da ya sa baƙo ke jin sunaye huɗu ko biyar kawai. Wasa ne da ba ya dogara ga shahararren ɗan wasa: in wannan Valjean ya gaji, wani ya sa rigarsa, mai kallo bai yi asarar komai ba. A allon talla ma ba a sa hoton kowa, sai zanen Cosette na Émile Bayard da aka ɗauko daga tsohon bugun littafin. Wasa ne kuma da ake rerawa daga farko har ƙarshe, don haka ɗan Japan ko ɗan Brazil da bai ji Ingilishi sosai ba zai iya bin labarin ta kiɗa da motsi. Sa'an nan a wancan zamani, yawancin inda aka kai shi a duniya, na Landan ake kwaikwaya daki-daki. Kuɗin shirya irin wannan wasa suna da yawa ƙwarai, ba sa dawowa sai an yi shekaru, shekaru kuwa ba sa samuwa sai da baƙi masu zuwa su wuce. Jirgin sama ya ƙarasa aikin da jirgin ƙasa ya fara.

Ribar a bayyane take: baƙon da ke da dare guda ya san abin da zai samu, kuma gwanintar makaɗa da mawaƙa ba ta da makusa. Asarar ita ce ba a gani. Gidan da wasa ɗaya ya riƙe shekara ashirin ko talatin, gida ne da sabon marubuci ba zai shiga ba. The Lion King yana gidan Lyceum tun 1999, da muryoyin Zulu da Lebo M ya tsara da kuma dabbobin sassaƙa na Julie Taymor, kuma ga dubban masu kallo shi ne kaɗai Afirkar da suka taɓa gani a dandamali. Fela! kuwa, wanda Bill T. Jones ya shirya kan rayuwar Fela Kuti, da kurkukunsa da faɗansa da sojoji, ya yi ƴan watanni ne a National Theatre daga ƙarshen 2010, ya je Legas a 2011. Wanda ya zo Landan yau ba zai same shi a allon talla ba. Afirkar zakuna ta fi Afirkar ƴan adam sauƙin sayarwa ga mai hutun kwana biyu.

Shi ma Hugo bai tsira daga wannan ba. Masu kallo da yawa suna fita suna zaton juyin juya halin 1789 suka gani, alhali boren 5 da 6 ga Yunin 1832 ne, wanda ya ɓarke a jana'izar Janar Lamarque aka kuma murƙushe shi cikin kwana biyu. Akwai kuma abin da ke sa murmushi a ganin mutane sun biya kuɗi masu nauyi don su yi kukan matar da ta sayar da gashinta saboda ƴarta, a wasan marubucin da ya yi wasiyyar a kai shi kabari cikin keken gawar talakawa, aka kuma cika masa a 1885. Duk da haka, ba a kashe wa labarin kaifi gaba ɗaya ba, domin masu zanga-zanga a Hong Kong sun rera waƙar ƴan boren wasan a tituna a 2014 da 2019.

Paris kuwa ta daɗe tana ja da baya. An dawo da wasan da Faransanci a gidan Mogador a 1991, bai wuce kaka guda ba, yayin da a Landan yake cika gida kowane dare. Faransawa sun fi karkata ga nasu salon na manyan zaure da faifan da ke riga wasa fita, irin Notre-Dame de Paris na 1998, wanda shi ma daga Hugo aka ciro shi. Sai a Nuwamban 2024 gidan Châtelet ya sake ɗora Les Misérables a sabon shiri na Ladislas Chollat, shekara arba'in da huɗu bayan Palais des Sports, aka yi ta rububin tikiti har farkon 2025.

Baƙon nan dai yana Landan, Asabar ta waye. A dandalin Leicester akwai wata rumfa da ƙungiyar masu gidajen wasa ta buɗe tun 1980, inda ake sayar da ragowar tikitin ranar da rangwame. Wasannin da suka fi cika ba safai suke sauko da farashi a can ba, sababbi da masu neman jama'a su ne suka fi yawa a allonta. Ran Asabar yawancin gidaje suna wasa sau biyu, da rana da kuma dare, Lahadi kuwa da yawansu a rufe suke bisa tsohuwar al'ada. Mai ƙarfin aljihu da ƙarfin zama zai iya ganin Valjean da rana, ya tsallaka titin Shaftesbury da dare ya shiga wani wasan da bai taɓa jin sunansa ba.