Cizon Kada, Kura da Zaki: Me Ake Aunawa?

Ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, wadda ɓallewar madatsar Alau ta haddasa, ta shanye gidan namun daji na Sanda Kyarimi a Maiduguri, har hukumar wurin ta gargaɗi jama'a cewa kadoji da macizai sun fita cikin gari. Tun daga nan tsohon musu ya farfaɗo a majalisun hira, daga Jiddari Polo zuwa Gwange: wace dabba ce ta fi ƙarfin cizo? A ganina tambayar ba ta amsuwa sai an faɗi haƙorin da aka auna da yadda aka auna shi.

A binciken da aka wallafa a 2012, Gregory Erickson da abokan aikinsa sun sa na'ura a bakin dukkan nau'o'in kada 23. Kadan ruwan gishiri ya kai kimanin nyuton 16,400, wato nauyin da ya haura tan ɗaya da rabi. Sun kuma gano girman jiki ne ke ƙayyade ƙarfin, siffar baki ba ta da tasiri sosai. Wannan awo ne a kan dabba mai rai. Shi kuwa adadin zaki, kusan nyuton 1,770 a binciken Stephen Wroe na 2005, daga ƙoƙon kai aka ƙiyasta shi, a kan fiƙa. Jera lambobin nan biyu a layi ɗaya kuskure ne.

Kura ta fi nuna matsalar. A fiƙa ba ta kai zaki ba, amma a haƙoran baya an auna mata wajen nyuton 4,500. Da su take fasa ƙashin ƙafa ta sha ɓargo, cikinta ya narkar da sauran, shi ya sa kashinta ke yin fari fat idan ya bushe. Gardawa sun san haka tun kafin zuwan na'ura, don haka suke ɗaura mata takunkumin igiya mai kauri. Zaki maƙogwaro yake kamawa ya shaƙe. Kada riƙewa yake yi ya ja cikin ruwa, kuma tsokar buɗe bakinsa ba ta da ƙarfi, igiya ma tana iya rufe shi.

Idan tsabar matsi ake nufi, kada ne a gaba, da tazara mai nisa. Idan fasa ƙashi ne, kura ta fi zaki.