Isma'ila Isa Funtua: Maginin da bai karanci injiniyanci ba

Wani mai karatu daga Malumfashi ya aiko da tambaya: shin marigayi Malam Isma'ila Isa Funtua injiniya ne? Wai gardama ce ta kaure a majalisarsu, tunda kowa ya san shi da kamfanin Bulet, wanda ya tsayar da manyan gine-ginen gwamnati a Abuja.

A'a, ba injiniya ba ne. Harkar mulki ya karanta a Zariya, ya ƙaro ilimi a Manchester ta Ingila. Da aikin En'e ta Katsina ya fara, daga baya ya koma wata masaƙa a Kaduna yana kula da sha'anin ma'aikata. Ɗan Funtua ne, garin auduga, garin da jirgin ƙasa da injin gurza suka raya, shi ya sa ba a yi mamaki ba da aka ga hannunsa a kafa masaƙar Funtua. Injiniyoyi kam ɗaukarsu aiki yake yi.

Inda labarinsa ya fi armashi shi ne 1983. Shagari ya naɗa shi ministan albarkatun ruwa a zango na biyu. Kujerar ko ɗumi ba ta yi ba sojoji suka kifar da gwamnati ranar 31 ga Disamba, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya hau. Kwanci-tashi, ɗan Malam Isma'ila ya auri 'yar Buhari. Ikon Allah, wanda ya raba shi da kujera ya zama surukinsa.

Wannan surukuta ce ta jawo masa surutu bayan Buhari ya dawo mulki a 2015. Tun da Aisha Buhari ta koka wa BBC Hausa a 2016 cewa wasu tsiraru sun ƙwace ragamar gwamnatin mijinta, sunaye uku ba su bar bakin jama'a ba: Mamman Daura, Abba Kyari da Isma'ila Isa. Masoyansa suka ce sharri ne, aminci ne kawai na shekaru, kuma mutumin ba ya riƙe da ko muƙamin kansila. Ni dai wannan kariya ba ta gamsar da ni ba. Abba Kyari ya taɓa aikin edita a kamfanin jaridar Democrat, wadda Malam Isma'ila ya kasance cikin masu ita. Tsohuwar tafiya ce. Shi kansa bai yi ta ɓoye-ɓoye ba: da aka matsa masa a talabijin, nuna wa duniya ya yi cewa shi ba ɗan rakiyar kowa ba ne, da ƙafarsa yake tsaye.

Ya shugabanci ƙungiyar masu gidajen jaridu ta ƙasa, ya halarci taron tsarin mulki na zamanin Abacha. Ya rasu a Abuja ranar 20 ga Yuli, 2020, yana da shekara 78, wata uku bayan rasuwar Abba Kyari. Allah Ya jiƙansa.

Malam mai tambaya, ka koma majalisa ka shaida musu: ɗan kwangila ne, ba injiniya ba.