Waƙar Bidiyo a Matsayin Aikin Ɗalibin Sadarwa a Bauchi: Waiwaye a kan Tarihinta da Tsara Ta

1.0 Gabatarwa

Waƙar Hausa ta baka ta daɗe tana rayuwa a kunne kafin ta sami gurbi a ido. Makaɗi yakan tsaya gaban ubangidansa ko a dandali, 'yan amshi na karɓa masa, sanƙira na ƙara wa zance gishiri, kuma da zarar taro ya watse sai abin da aka haddace. Yau kuwa da wuya sabuwar waƙa ta karɓu ba tare da hoton bidiyo ba, har ɗaliban koyon aikin sadarwa kan ɗauki haɗa irin wannan hoto a matsayin aikin gwaji. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda waƙar Hausa ta haɗu da hoto mai motsi, tana mai ɗaukar birnin Bauchi a matsayin madubi, sannan ta nuna abin da tarihin ke koya wa ɗalibi wajen tsara aikinsa da kuma yi masa bita bayan ya kammala.

2.0 Daga Majigi zuwa Talabijin

Bauchi gari ne da ya san darajar kalma tun kafin zuwan kyamara. A nan Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu a 1958, ya mayar da rubutacciyar waƙa makamin wayar da kai, kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa, marubucin Shaihu Umar, ya yi koyarwa. Littafin nasa ne Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi.

Kafin wannan lokaci hoto mai motsi ya shigo ƙasar Hausa ta hanyoyi biyu: majigin gwamnati, mai nuna dabarun noma da tsabta, da kuma gidajen silima, inda finafinan Indiya masu cike da rawa da waƙa suka sami gindin zama tun wajen shekarun 1960. Talabijin ya soma a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962. Bayan kafa hukumar NTA a 1977 aka buɗe tashoshi a manyan biranen sababbin jihohi, har da Bauchi, daga baya kuma jihar ta kafa nata gidan talabijin, wato BATV.

A wannan zango aikin kyamara bai wuce shaida ba. Akan zaunar da makaɗa irin su Mamman Shata ko Ɗanmaraya Jos a ɗakin ɗaukar shiri ko wurin biki, a ɗauke su suna waƙa kamar yadda suka saba. Hoton bai ƙara wa waƙa labari ba, bai kuma rage mata tsawo don kansa ba. Kalma ce ke jan ragama, hoto na biye da ita.

3.0 Zamanin Finafinan Bidiyo

Sauyi na gaske ya zo ne da finafinan bidiyo na Hausa, waɗanda aka saba ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano a 1990. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, musamman bayan karɓuwar Sangaya, rawa da waƙa sun zama abin da ke sayar da kaset. Fiyano samfurin Yamaha ya maye gurbin kalangu da kuntigi da goge, ya zamana mutum ɗaya a ɗakin kiɗa yana yin aikin ƙungiya guda. Abdalla Uba Adamu ya yi nazari mai zurfi a kan yadda aka riƙa ɗauko karin waƙoƙin Indiya ana ɗora musu kalmomin Hausa.

Abu biyu suka faru a nan da suka shafi masanin harshe. Na farko, an raba murya da fuska: mawaƙi kamar Misbahu M. Ahmad yana rerawa a ɓoye, ɗan wasa yana motsa baki a gaban kyamara. Na biyu, tun da karin ya riga kalmomi samuwa, sai aka shiga tanƙwara gaɓoɓi don su dace da shi, ana ja wa gajeren wasali tsawo, ana kuma danne karin sautin kalma. A harshe irin Hausa, inda tsawon wasali da karin sauti ke bambanta ma'ana, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Daga nan waƙa ta fita daga cikin fim ta tsaya da ƙafarta, da farko a faifai, sannan a tashoshi irin su Arewa24, wadda ta soma a 2014, da kuma dandalin YouTube. Fitar tata ba ta zo salun-alun ba. Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001. A 2007 aka yanke wa Adam A. Zango hukuncin ɗaurin wata uku saboda faifan waƙoƙinsa na bidiyo mai suna Bahaushiya, a 2016 kuma ƙungiyar MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar ClassiQ. A duka lokutan biyu, abin da ido ya gani ne ya tayar da ƙura fiye da abin da kunne ya ji.

4.0 Ɗalibin Bauchi da Tsara Aiki

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi, wadda aka kafa a 1979, tana da sashen koyar da aikin sadarwa, kuma manhajarta tana ƙarƙashin kulawar hukumar NBTE da ke Kaduna. Birnin Jos, mai Kwalejin Talabijin ta NTA da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa, bai wuce tafiyar kimanin kilomita 130 ba. Ke nan ɗalibin Bauchi yana tsakanin makarantun Jos da kasuwar Kano. Sai dai karatunsa da Ingilishi ake yi, misalan littattafansa kuma galibi na Amurka da Ingila ne, inda tashar MTV ta kafa salon waƙar bidiyo tun 1981, alhali waƙar da zai ɗauka da masu kallonta duk Hausa suke ji.

Saboda haka tsari nagari yakan soma ne daga matanin waƙar. Wajibi ne a rubuta ta da ingantacciyar ƙa'idar rubutu, a ware gindinta da ɗiyanta, a gano jigo da warwararsa, kamar yadda Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Gindin waƙa, da yake ana maimaita shi, shi ya kamata ya sami hoton da za a riƙa komawa gare shi, kowane ɗa kuma ya sami fitowarsa. Habaici da zambo suna buƙatar taka-tsantsan, domin armashinsu yana cikin sakayawa, kuma da zarar kyamara ta nuna wanda ake nufi, habaici ya koma zagi.

Sai zaɓen wuri. Ƙofar Wunti, da ƙofar fadar Sarki, da kabarin Tafawa Ɓalewa, da madatsar ruwa ta Gubi, da gandun dajin Yankari, kowanne yana ɗauke da tasa ma'anar. Wurin da ya dace da waƙar kishin ƙasa ba lallai ya dace da ta soyayya ba, kuma wasu wuraren sai an nemi izini. Haka batun sutura da cuɗanyar maza da mata a jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2001: a kan takarda ya kamata a yanke shi, tun kafin a fita da kyamara.

5.0 Bita da Matsalar Keɓaɓɓun Kalmomi

Bayan kammala aiki akan nemi ɗalibi ya rubuta rahoton abin da ya yi niyya da abin da ya samu. Tambayar da tarihin nan ya ɗora masa ita ce: shin hoton ya yi wa kalmomin hidima, ko kuwa ya shanye su? Hanya mai sauƙi ta gwaji ita ce a nuna wa mai kallo bidiyon sau ɗaya, a nemi ya faɗi abin da waƙar ke cewa. In kaya da rawa kawai ya tuna, tsarin ya yi rauni.

Rubuta irin wannan rahoto da Hausa yana fallasa wani giɓi. 'Yan fim sun samar da kalmomi masu kyau, kamar ba da umarni, da ɗaukar hoto, da tsara labari. Amma kalmar tacewa tana ɗaukar aikin mai yanka hoto ya haɗa, tana kuma ɗaukar aikin hukumar da ke hana fitar abin da bai dace ba. Zanen fitowa-fitowa da ake yi kafin ɗauka, da nau'o'in kusanci da nisan kyamara, har yanzu da kalmomin aro ake kiran su a bakin aiki.

6.0 Kammalawa

An ga yadda hoto ya tashi daga matsayin shaida a zamanin Shata, ya zama abokin tafiya a finafinan bidiyo, har ya kai ga neman rinjayar kalma. Ɗaliban da ake horarwa a Bauchi da makamantanta su ne za su riƙe kyamarar gobe. Ya dace sassan harsunan Nijeriya su haɗa gwiwa da sassan sadarwa wajen koyar da nazarin waƙa ga masu ɗaukar ta, da kuma tattara kalmomin da ma'aikatan fim ke amfani da su, a daidaita su, a mayar musu da su cikin aji.